Wai taurari masu wutsiya ne itacen rana?

Habu Mai Rediyo: Salamu alaikum ƴan zaure. Ina da tambaya, kuma don Allah kada a yi mini dariya. Jiya da dare muna fada a Zango, wani yaro ya nuna mana bidiyo a salularsa. An rufe rana da wani baƙin faifai, sai ga wani ɗan farin abu mai jela ya taho a guje ya nufe ta, bai sake fitowa ba. Yaron ya ce tauraro mai wutsiya ne, wai kuma kusan kullum haka suke faɗawa. Ina zaune ina fifita gawayin shayi sai abin ya tsaya mini a rai. Gawayin nan in ban ƙara ba, kafin a kai ga shayi na uku ya koma toka. To ita rana da take ci tun kafin kakannin kakanninmu, wa ke ƙara mata? Anya ba waɗannan masu wutsiyar ba ne itacenta? Mushe Lawali, kai nake nufi in kana kusa.

Sani Kabu-kabu: Wa alaikumus salam. Habu, da irin zafin da aka yi jiya a Damagaram, in dai su ne ke ƙara mata wuta, a taimaka a roƙe su su dakata haka nan.

Hajiya Zuwaira: Ni dai abin da na tashi na ji shi ne, tauraruwa mai wutsiya ganinki ba alheri ba. Yau kuma an ce ita ke riƙe da rana. Allah mai iko.

Rakiya: Ina wuni Kawu Habu. Kafin Mushe ya fito daga aji bari in ɗan taɓa. Rana ba wuta ba ce irin ta gawayi. Gawayi sai da iska yake ci, shi ya sa kake fifita shi, can sama kuwa babu iskar da za a fifita. Abin da ke faruwa a tsakiyarta shi ne ƙwayoyin wata iska mai suna haidurojin suna haɗewa su zama wata iskar mai suna hiliyam, saboda tsananin matsi da zafin da ya kai digiri miliyan 15. A kowane sakan rana tana asarar tan miliyan 600 ta wannan hanyar. Babu tauraro mai wutsiyar da zai cike wannan.

Habu Mai Rediyo: Lafiya lau ɗiyata. Amma ai maganata kika ƙarfafa. Mai kashe miliyan 600 kowane sakan dole yana da inda kuɗi ke shigo masa, in ba haka ba da tuni ya karye.

Mushe Lawali: Salamu alaikum. Yanzu na sallami yara. Malam Habu, babu mai yi maka dariya, domin wanda ya riga ka wannan tunanin shi ne babban masanin kimiyyar nan Bature, Isaac Newton da kansa. A 1680 an ga wani babban tauraro mai wutsiya da ya wuce dab da rana. Newton ya yi lissafin hanyarsa, ya kuma rubuta cewa mai yiwuwa wata rana ya faɗa cikinta, kuma taurarin da suka tsufa suna samun sabon abin ci ne daga irin waɗannan masu faɗa musu. Ka ga ke nan kai da shi tabarma ɗaya kuke zaune. Sai dai lissafi ya ƙi yarda da ku duka biyu.

Rakiya, akwai ɗan gyara a maganarki. Tan miliyan 600 ɗin nan ba ɓacewa suke yi ba. Haidurojin ne (mu da muka yi lakwal idirojen muka saba cewa) ke juyewa ya koma hiliyam, kuma hiliyam ɗin yana nan cikin rana, shi ne tokarta. Wanda ke fita da gaske ya zama haske da zafi ɗan kaɗan ne a ciki, kashi 0.7 cikin 100, wato tan miliyan 4 da ɗoriya kowane sakan. Sai kuma wata iska mai zafi da ke tashi daga jikinta tana watsuwa cikin sarari, ita ma tana tafiya da tan miliyan 1 da wani abu. In an haɗa, a ce miliyan 5 da rabi.

Rakiya: Na gode Mushe, na haɗa biyun ne wuri ɗaya. Na gyara a kayena.

Sani Kabu-kabu: Mushe, ku sauko ƙasa. Miliyan 4 ɗin nan, nawa ke nan a idon talaka?

Mushe Lawali: Ka san tirelolin da ke tasowa daga Kano su biyo ta Matamaye. A ce kowace ta ɗauko tan 40. To tirela dubu 100 ke nan, a sakan ɗaya. Kafin ka buga wa babur ɗinka kik ya tashi, an yi dubu 200 ko 300.

Yanzu mu kawo mai wutsiya mu aza a sikeli. Wanda duniya ta fi sani shi ne na Halley, wanda ya zo a 1986 kuma zai dawo a 2061. Jikinsa dunƙule ne na ƙanƙara da ƙura, tsawonsa wajen kilomita 15, faɗinsa wajen 8. Kusan nisan nan zuwa Mirya ke nan. Nauyinsa ya kai kamar tan miliyar 220, wato tan miliyan 220,000. Babban abu ne, da a kan Damagaram zai sauka da babu sauran labari. Amma raba 220,000 da 5.5 ka gani: sakan dubu 40, wato awa 11. In ya faɗa rana da asuba, kafin magariba ta riga ta zubar da daidai nauyinsa. Don a cike giɓin kawai, sai an riƙa jefa mata irinsa biyu kowace rana ta Allah, ba fashi.

Habu Mai Rediyo: To ai yaron ya ce kullum suna faɗawa. Da yayyafi kogi kan cika, Mushe.

Ɗan Birni: Bari in shigo nan, don na daɗe ina bin waɗannan hotunan a intanet. Bidiyon da kuka gani na wani kumbo ne mai suna SOHO, na haɗin gwiwar hukumar sararin samaniya ta Turai da NASA ta Amurka. An harba shi a Disamba 1995, yana can kilomita miliyan 1 da rabi daga nan ta ɓangaren rana. Baƙin faifan da ka gani da gangan aka sa shi a na'urar, don ya tare hasken rana a ga abin da ke gefenta, kamar yadda kake kare ido da tafin hannu in kana hango mutum da hantsi. A Maris 2024 aka cika tauraro mai wutsiya na 5,000 da aka gano da shi, kuma da yawa mutanen gari ne irinmu suka gano su suna zaune a gida suna duba hotuna. 5,000 a shekara 28, kusan ɗaya duk kwana biyu ke nan. Yaron bai yi ƙarya ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne girmansu. Mafi yawansu ɓaraguzai ne na wani babba guda da ya farfashe tun ƙarnuka da suka wuce, ana kiran su dangin Kreutz, da sunan Bajamushen da ya gane asalinsu ɗaya ne. Galibi ba su fi ƴan mitoci goma-goma ba. Irin duwatsun nan namu na Birni, ka ƙara musu kaɗan.

Mushe Lawali: Madalla Ɗan Birni. Mu yi musu karamci mu ce kowanne faɗinsa mita 50. Jikinsu ba shi da tauri, nauyinsa kusan rabin na ruwa ne, don haka kowanne zai yi tan dubu 30 da ƴan kai. Haɗa dukkan 5,000 ɗin, za ka samu wajen tan miliyan 165. Rabin minti ke nan na asarar rana. Yayyafin shekara 28, rabin minti. Yayyafi yana cika kogi in ba a ɗiba, Malam Habu. Wannan kogin kuwa ƙofarsa a buɗe take.

Hajiya Zuwaira: Kamar ni ke nan da garuwa a watan Afirilu. Ya kawo bido biyu, kafin ya juya kurarsa yara sun gama da su.

Baba Isufu: Salamu alaikum yarana. Ina karanta ku a hankali, idon ya yi rauni. Ni na ga na 1997 da idona, wanda ake kira Hale-Bopp. Lokacin bazara ne, muna kwana a tsakar gida a Garin Malam saboda zafi. Bayan magariba in ka dubi yamma maso arewa sai ka gan shi tsaye da jelarsa, kamar an shafa alli a bango an goge da hannu. Makonni yana fitowa. Marigayiya mahaifiyata tana da rai lokacin, ta hana jikokinta nuna shi da yatsa, ta sa aka yi waina aka raba sadaka. Ni kuwa ina fakon idonta in hau kan katanga in yi ta kallo, da gemuna da komai. Abin da ya ɗaure mini kai tun lokacin, jelar ba ta bin bayansa kamar ta doki mai gudu. Kullum tana kallon sama, ta ba wa inda rana ta faɗi baya. Lawali, mene ne dalili?

Mushe Lawali: Barka da yamma Baba, Allah ya jiƙan Inna. Abin da ka lura da shi daidai ne, kuma yana cikin amsar Malam Habu. In mai wutsiya ya kusanto rana, ƙanƙararsa tana tashi ta zama tururi, ta kwaso ƙura. Sai hasken rana da waccan iskar da na ambata su tura su baya. Shi ya sa jela kullum take guje wa rana, ko yana zuwa ko yana komawa. In yana komawa ma jelar ce a gaba. Ma'ana, abin da ya narke daga jikinsa rana ba haɗiye shi take yi ba, hure shi take yi waje. Ƙananan nan na SOHO kusan dukkansu ba sa taɓa jikinta. Tun suna nesa suke ƙonewa, iskar ta kwashe. Wanda Malam Habu ya ga ya shige bayan faifai bai fito ba, mafi rinjaye haka ta faru da shi.

Ɗan Birni: Akwai ma wanda ya shiga ya fito. A Disamba 2011 wani mai suna Lovejoy ya ratsa kilomita dubu 140 kacal daga fuskar rana, kowa ya gama yi masa ta'aziyya, sai ga shi ya ɓullo ta ɗaya gefen. ISON kuwa da aka yi ta zuzutawa a 2013, ya je bai dawo ba, ya watse a Nuwamba.

Malam Nasiru: Jama'a a yi hattara dai. Allah ya ce rana tana gudana zuwa matabbatarta, kuma akwai ranar da za a naɗe ta. Wanda ya halicce ta shi ke riƙe da ita, ba dutse ko ƙanƙara ba.

Baba Isufu: Gaskiya ne Malam, babu mai ja da wannan. Amma shi ya halicci gero kuma muna auna shi da tiya. Yaran awo suke yi, bar su su auna.

Malam Nasiru: Na yarda Baba. Tunatarwa ce kawai. Ku ci gaba, ni ma ina saurare.

Sani Kabu-kabu: Ni tambayata daban ce. Kun ce ƙanƙara ce. Ƙanƙara ai ruwa ce. Ruwa a kan wuta kashe ta yake yi. In aka samu babba sosai ya faɗa, ba zai ɗan rage mana ita ba?

Rakiya: Yaya Sani, ruwa yana kashe wutar itace ne don yana sanyaya ta ya kuma raba ta da iska. Fuskar rana kaɗai zafinta digiri 5,500 ne. A wannan zafin ruwa ba ya zama ruwa, rabewa yake yi ya koma haidurojin da oksijin. Kuma abin da ya faɗo mata daga nesa yana isa da gudun kilomita 600 da ɗoriya a sakan, karon kansa zafi ne. Sai dai ya ƙara, ba ya ragewa.

Habu Mai Rediyo: Yauwa! Ɗiyata kin kawo ni gida. Ruwa yana da haidurojin. Haidurojin shi ne man rana, ku kuka faɗa. Ke nan ko kaɗan ne, mai ne aka ƙara mata. Kuma karon ma zafi ne. Biyu ke nan.

Mushe Lawali: Ka iya kama magana, Malam Habu, da lauya ka zama da mun shiga uku. Mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, in fara da karon, don shi ma an taɓa gina babbar magana a kansa.

A 1848 wani likita Bajamushe, Julius Robert Mayer, ya ce zafin rana daga duwatsun da ke faɗa mata yake fitowa. William Thomson na Birtaniya, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin, ya karɓi maganar a 1854. A lokacin babu wanda ya san abin da ke cikin ƙwayar zarra, kuma sun riga sun gane cewa da rana dunƙulen gawayi ce da ba ta wuce ƴan dubban shekaru ba. Faɗuwar duwatsu ta fi gawayi ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ya sa ta burge su. Amma da za a haskaka rana da karo kaɗai, sai an riƙa zuba mata kusan nauyin watan nan namu na sama kowace shekara. Irin na Halley wajen 9 ke nan kowane sakan. Rana kuwa in tana ƙara nauyi haka, za ta ƙara jawo duniya, shekara ta riƙa gajarcewa da kusan sakan 2 duk zagayowa. A shekara dubu an rasa fiye da rabin awa. Masu duban taurari suna da rubutaccen lissafi na ƙarnuka, babu alamar haka. Kelvin da kansa ya saki maganar ya koma ga ta wani masani Bajamushe, Helmholtz, cewa rana tsukewa take yi a hankali tana fitar da zafi. Ita ma wannan ba ta ba da fiye da shekara miliyan 20 zuwa 30 ba, alhali masu nazarin duwatsu suna ta cewa duniya ta girmi haka sosai. Haka aka yi ta ja har 1920, da Arthur Eddington ya ce sirrin yana cikin haɗewar haidurojin ya zama hiliyam. A 1925 Cecilia Payne ta nuna cewa taurari galibinsu haidurojin ne, a 1939 kuma Hans Bethe ya fayyace matakan da abin ke bi.

Abin da aka gani a zahiri ma akasin na Mayer ne. Tunda rana raguwa take yi, riƙon da take yi wa duniya yana sassautawa, muna ja da baya da kusan santimita 1 da rabi a shekara. A cikin kilomita miliyan 150, Sani, kada ka sa rai.

Sani Kabu-kabu: Na riga na fara murna wallahi.

Mushe Lawali: Sai maganar haidurojin. A cikin ruwa, kashi ɗaya cikin tara ne kawai na nauyinsa haidurojin. Ko da a ce Halley duk ruwa ne zalla, wanda ba haka ba ne, za a samu tan miliyar 24. Rana tana cin miliyan 600 a sakan. Sakan 40.

Amma ni a wurina duk wannan ba shi ne babban dalili ba. Babban dalilin shi ne rana ba ta da ƙarancin haidurojin ko kaɗan. Kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ke samanta shi ne. Matsalarta wuri ce. Haɗewar nan a tsakiya kawai take yiwuwa, cikin kusan rubu'in farko in ka taso daga cibiya zuwa fuska. Bayan wannan akwai wani yanki mai kauri da ya kai har kashi 70 cikin 100 na hanyar, inda babu abin da ke juyawa, zafi ne kawai ke ratsawa a hankali. Sai daga nan zuwa sama ne take tafasa, na ƙasa ya hau na sama ya sauka. Duk abin da ya faɗo daga waje a wannan mai tafasar yake tsayawa. Ba shi da hanyar sauka cibiya. Shi ya sa in lokacinta ya yi, nan da shekara miliyar 5, man cibiya zai ƙare alhali ba ta taɓa fiye da kusan kashi ɗaya cikin goma na haidurojin ɗinta ba. Za ta kumbura ta yi ja da sauran man a jikinta.

Sani Kabu-kabu: Tsaya, wannan na gane shi. Kamar mai ya ƙare mini a hanyar Tanut, ga bido cike ɗaure a bayan babur, amma murfin tankin ya ƙi buɗuwa. Sai wani ya zo da cokalin shayi na mai ya zuba mini a kan kujera ya ce ya taimaka.

Mushe Lawali: Gobe da wannan zan shiga aji, kuma ba zan ce kai ka ba ni ba.

Hajiya Zuwaira: Wato tukunya ce da babu mai tuƙa ta. Ƙasa na ƙonewa, gari na zaune a sama. Ba a samu mai muciya ba ne a cikin taurarin?

Rakiya: Akwai Hajiya! Ƙananan taurari jajaye, waɗanda nauyinsu bai kai kusan sulusin na rana ba, su gaba ɗayansu suke juyawa daga cibiya har fuska, kamar ana tuƙa su. Don haka kusan duk mansu suke ci, kuma a hankali. Wanda ya fi kusa da mu bayan rana, Proxima Centauri, irinsu ne, nauyinsa wajen kashi ɗaya cikin takwas na rana. Irinsa zai kai shekara miliyar dubbai. A irin wannan tauraron, abin da ya faɗa zai iya kaiwa ciki. Sai dai yawan nasa yana nan yadda Mushe ya lissafa, bai taka kara ya karya ba.

Habu Mai Rediyo: To na ji, ƙanana ne, kuma ba sa kaiwa ciki. Amma bari in yi taurin kai sau ɗaya. A ce an samu da yawa. A ce an tattara duk abin da ke zagaya rana an tura mata. Ai dole kwananta ya ƙaru.

Ɗan Birni: Ko an tattara ɗin ba yawa, Kawu. Rana ita kaɗai ta kwashe kashi 99.86 cikin 100 na nauyin duk gidan. In ita buhu 1,000 ce a sito, Mushtari, babbar cikin duniyoyin da ke zagaya ta, buhu 1 ne, sauran duniyoyin duka har da tamu ba su cika rabin buhu ba. Masu wutsiya kuwa sai dai a kira su tsintuwar bakin ƙofa.

Mushe Lawali: Kuma ga inda abin ya juye, wanda ɗalibaina ba sa yarda sai na maimaita sau uku. Ƙarin nauyi rage wa tauraro kwana yake yi. In nauyi ya ƙaru, matsin da ke kan cibiya ya ƙaru, zafi ya ƙaru, sai cin mai ya haura fiye da yadda man ya ƙaru. Ku dubi Shi'ira, tauraron nan da ya fi kowanne haske da dare, wanda ke fitowa sosai lokacin sanyi. Malam Nasiru ya san shi, an ambace shi a Suratun Najmi. Nauyinsa ninki 2 ne na rana, amma haskensa ninki 25. Mai ninki biyu, kashewa ninki ashirin da biyar. Rana za ta yi wajen shekara miliyar 10 gaba ɗaya, ta ci 4.6 a ciki, shi kuwa wajen miliyar 1 zai yi. Masu ninki 10 ƴan miliyoyin shekaru ne kawai, 20 zuwa 30. Don haka da za ka iya tura wa rana kaya da yawa, Malam Habu, gaggauta mata za ka yi.

Malam Nasiru: Na san shi ƙwarai, aya ta 49. Ban taɓa sanin ya fi rana girma ba. Subhanallah.

Sani Kabu-kabu: Wannan ma mun san shi a hanya. Manyan motocin nan na alhazai tankinsu ya ninka nawa sau goma, amma kullum su ne a layin gidan mai.

Baba Isufu: Lawali, na ji ka kayar da Habu da baturen nasa. Amma ban ji daɗi a ce mutum kamar wannan ya yi magana ba ta da ko ƙamshin gaskiya ba. Babu inda tauraro ke samun abinci daga waje sam?

Mushe Lawali: Akwai Baba, kuma ka yi daidai da ka ja ni, na so in yi rowa. Newton ya kawo maganarsa ne har don ya bayyana taurarin da ake gani sun haskaka farat ɗaya bayan sun dushe. Irin wannan yana faruwa, kuma da gaske ciyar da su ake yi. Sai dai mai ciyarwar ba mai wutsiya ba ne, tauraro ne ɗan'uwansu. Taurari da yawa biyu-biyu suke, suna zagaya juna. In ɗaya ya riga ya mutu ya zama ɗan ƙaramin farin dunƙule mai nauyi, ɗayan kuma ya kumbura, sai mataccen ya riƙa zuƙo haidurojin daga jikin mai ran. Yana taruwa a fuskarsa har ya kai wani mizani, sai ya kama gaba ɗaya. Akwai ɗaya mai suna T Coronae Borealis da ya yi haka a 1866, ya sake yi a 1946. Sannan a 1953 Allan Sandage ya ga wasu taurari a cikin wani tsohon gungu mai suna M3 da suka fi tsaransu zafi da haske, kamar samari a taron dattawa. Bayanin da aka fi yarda da shi shi ne sun sha daga maƙwabtansu ko sun haɗe da su. Amma ka lura, abincin nan daga wani tauraro ne guda, sa'an mai ci. Ranarmu kuwa ita kaɗai ce a gidanta, ba ta da wanda za ta zuƙa.

Habu Mai Rediyo: To alhamdu lillahi, ni da Newton mun ci rabin maki.

Rakiya: Rubu'i dai, Kawu.

Habu Mai Rediyo: Ke ba da ke nake ba, ke da kika ɓatar da tan miliyan 596 ɗazu. Mushe, abu ɗaya ya rage in kai wa ƴan fada yau da dare, don na san za su tambaya. Tun da aka halicce ta tana zubar da tirela dubu 100 kowane sakan, ba mai mayar mata. Yanzu nawa ya tafi a cikinta?

Mushe Lawali: Ta hanyar haske, a shekara miliyar 4.6, kusan nauyin duniyar Zuhal guda, wato duniyarmu sau 95 ko 100. A jikin rana, wadda ta ninka duniya sau dubu 333, kashi 3 ne cikin 10,000. A siton Ɗan Birni mai buhu 1,000, ba a gama sulusin buhun farko ba.

Hajiya Zuwaira: Allah ya ba mu irin wannan siton kafin damina.

Baba Isufu: Amin Hajiya. Rakiya, shekarunki nawa za su kasance a 2061?

Rakiya: Hamsin da bakwai, Baba, in Allah ya kai mu.

Baba Isufu: To in Halley ya zo ki fito da jikokinki tsakar gida, ki bar su su nuna shi da yatsa. Ku duba mini jelar, ta wane gefe take kallo.

Sani Kabu-kabu: Wainar dai kada a fasa ta. Na samu fasinja zuwa Kasuwar Dole, sai an jima.